Yaya aka yi gero ya zama ɗan uwan ƙarangiya?

Tambayar da aka aiko: "Assalamu alaikum malam. Ni ɗaliba ce ina karanta ilimin tsirrai a nan Kaduna. A takardunmu sunan gero Pennisetum glaucum ne, amma na duba intanet na ga wai yanzu Cenchrus americanus ake ce masa, wai jinsinsu ɗaya da ƙarangiya kuma wai DNA ne ya nuna haka. Kaina ya ɗaure, ai gero da dawa ne suka yi kama. Ta yaya DNA ke nuna wannan, kuma wane suna zan rubuta a jarrabawa?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika gani gaskiya ne ba shirmen intanet ba ne, tun 2010 masana rabe-raben tsirrai suka haɗe jinsin Pennisetum cikin Cenchrus, don haka yanzu gero da maiwa da dauro da kyasuwa da ƙarangiya duk gida ɗaya suke a rubuce. Zancen jarrabawa kuma mai sauƙi ne, ki rubuta wanda malaminki ya koyar, don Pennisetum glaucum bai zama laifi ba, har gobe masu binciken iri da yawa shi suke rubutawa. Amma in kin zo rubuta furojet ɗinki toh a karon farko da kika ambaci gero ki sa sabon sunan ki biyo da tsohon, shikenan babu wanda zai tuhume ki.

Kafin mu shiga maganar DNA ina so ki yi wani abu da hannunki, don ni ban yarda ɗalibi ya haddace irin wannan a takarda kawai ba. In kaka ta yi ki samo zangarniyar gero ɗaya, da kan kyasuwa ɗaya irin wadda ke cika bakin hanya in an bi ta Rigacikun zuwa Zariya, da 'ya'yan ƙarangiya kamar uku, ko da a jikin ragunan da ake kawowa daga arewa kika ciro su. Ki sa farce ki ɓalle ƙwayoyin geron daga jikin sandar zangarniyar, za ki ga ba ɗaiɗai suke fitowa ba, ƙunshi-ƙunshi ne a kan ɗan guntun tsinke, kuma a gindin kowane ƙunshi akwai wasu siraran gasu da suka kewaye shi, su ne ke cikin ƙaiƙayin nan da ke addabar mata ranar sussuka da shiƙa. A wani geron ma gashin ya yi tsawo har ya fito waje, shi ne wanda tsuntsaye ba sa son sauka a kansa. Toh ki dubi kyasuwa, gashin nan dai shi ne a wuri ɗaya, sai dai ya yi laushi ya yi audugar nan. Sannan ki tsaga ƙarangiya a hankali da reza, za ki samu ƙwayar a tsakiya, kuma ƙayar da ke sukanki ba komai ba ce illa gashin nan da ya yi tauri ya manne da juna daga gindi. Yanzu ki koma kan dawa ki nemi wannan gashin, ba za ki same shi ba. Ita dawa tsarinta daban, furanninta bibbiyu suke zuwa, ɗaya zaune a jikin reshe shi ne mai yin ƙwaya, ɗaya kuma a kan ɗan tsinke ba ya yin komai, in kika cire kan gamba kika duba za ki ga irin wannan tsarin na bibbiyu sak. Wato dawa ta fi kusa da gamba, gero ya fi kusa da ƙarangiya, kuma shaidar tana nan a jikinsu tun da can, kallon daga nesa ne ya hana mu gani.

Kamar da kike gani tsakanin gero da dawa, dogon kara da manyan ƙwayoyi da ba sa zubewa in sun nuna, yawancinta aikin manomi ce. Kakanni sun yi dubban shekaru suna ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye iri, a gero haka a dawa haka, sai abubuwa biyu da asalinsu ya bambanta suka zo suka yi kama saboda buƙatar mai noman ɗaya ce. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Matsalar ciyawa ke nan tun fil azal. Dangin Poaceae ya kai nau'i wajen 12,000 a jinsi kusan 780, kuma furensu ƙanana ne ba launi ba ƙamshi, ganyen kusan duk iri ɗaya, abin da mutum zai kama ya bambanta su kaɗan ne. Wani masanin tsirrai, Robert Brown, a farkon ƙarni na 19 ya dubi tsarin furen ya raba su gida biyu, ɓangaren su gero da ɓangaren su alkama, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari don ɓangaren su geron har yau yana nan kusan yadda ya hango. A 1931 wani ɗan Rasha Avdulov ya ƙara da ƙirga kuromozom, wato ƙunshin abin gado da ke cikin ƙwayar halitta, da duba girmansu, daga baya aka shiga yanka ganye ana duba cikinsa a madubin ƙara girma. Kowane mataki ya gyara wani abu, amma ciwon yana nan, in ciyawa biyu suka yi kama ba ka da tabbacin gado ne daga kaka ɗaya ko kuwa zama a irin wuri ɗaya ne ya mai da su haka. Ciyawar da ke fama da fari a Sahel da wadda ke fama da fari a Ostireliya za su iya nannaɗe ganye iri ɗaya ba tare da sun haɗa komai na kusa ba.

Toh a nan DNA ya shigo. DNA rubutu ne dogo da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, yana cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro, kuma duk lokacin da tsiro zai yi iri sai an kwafe shi an ba ɗa. Kwafin yana da kyau ƙwarai amma jefi-jefi harafi ɗaya kan canza, in ya canza kuma ya wuce ga 'ya'ya toh jikoki da tattaɓa-kunne duk da shi za su tashi. In kin taɓa shiga Arewa House kika ga tsofaffin rubuce-rubucen ajami na hannu za ki gane abin da sauri. A ce waƙa ɗaya ce aka samu kwafinta goma daga garuruwa daban-daban, ba wanda ya rubuta daga wa ya kwafa. Sai mai bincike ya ga huɗu daga ciki duk sun tsallake kalma ɗaya a baiti na bakwai, ai ya san huɗun nan daga kwafi ɗaya suka fito, don da wuya mutum huɗu su yi tuntuɓe ɗaya a wuri ɗaya kowa da kansa. Cikin huɗun kuma biyu suna da wani ƙarin canji a baiti na ashirin, toh waɗannan biyun sun fi kusa da juna. Da haka zai jera wa ya fito daga wa ko da asalin littafin ya ɓace. Abin da muke yi da ciyawa ke nan ba ƙari ba ragi, sai dai mu wuraren da muke dubawa dubbai ne, kuma kwamfuta ce ke lissafa wace bishiyar nasaba ce ta fi dacewa da canje-canjen da aka gani, ta kuma faɗa miki ƙarfin shaidar kowane reshe, wani reshen ta ce kashi 100, wani ta ce 55, shi wannan na 55 ɗin ba a gina magana a kansa.

Ki lura da abu ɗaya a nan don ɗalibai suna yawan zamewa a kansa, ba yawan kamar rubutun ake bi ba kawai, sabon canjin da aka yi tarayya a kai shi ne hujja. Abin da kowa ya gada tun daga kakan farko ba ya raba kowa da kowa.

Aikin kansa a lab ba wani sihiri ba ne. Ana tsinko ɗanyen ganye matashi mai lafiya, a yayyanka a jefa cikin 'yar leda mai silika, irin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, su tsotse ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu kafin DNA ɗin ya lalace. A lab sai a niƙe ganyen ya zama gari, a zuba ruwan sinadarin CTAB a ɗumama, a wanke da kulorofom, a juya a injin juyi, sannan a zuba giyar lab mai sanyi, sai ki ga wani ɗan farin abu ya kwanta a gindin kwalbar, ƙanƙani da ƙyar ido ke ganinsa, shi ne DNA ɗin. Ganyen ciyawa yana da ƙasa-ƙasar silika a jikinsa shi ya sa niƙansa ke da wuya, tsohon ganyen gamba kam sai kin yi da gaske. Daga nan sai PCR, injin da ke ɗaukar gaɓa ɗaya da kika zaɓa ya kwafe ta sau miliyoyi, sannan a tura wa injin karanta haruffa. Gaɓoɓin da aka fi amfani da su a shekarun 1990 zuwa 2000 da wani abu su ne rbcL da ndhF da matK da trnL-F, duk daga kulorofilas suke, wato koren ƙwayoyin nan na cikin ganye masu haɗa abinci da hasken rana waɗanda ke da nasu ɗan DNA daban, sai kuma ITS daga cibiyar ƙwayar halitta. Yanzu kam abin ya yi araha, ana karanta kulorofilas ɗin gaba ɗaya, haruffa wajen 135,000 zuwa 140,000 a ciyawa, ko a karanta ɗaruruwan gaɓoɓi na cibiya a lokaci guda.

Da aka yi wa su gero wannan aikin, wata tawagar masana daga Ajantina, su Chemisquy da Morrone tare da Elizabeth Kellogg ta Amurka, suka haɗa shaidar kulorofilas da ta cibiya da ta siffar jiki, sai suka ga ƙarangiyoyi ba wani reshe ne a gefe ba, daga tsakiyar Pennisetum suka tsiro. Ma'ana akwai Pennisetum ɗin da ya fi kusa da ƙarangiya a kan yadda yake da wani Pennisetum ɗin. Ƙa'idar da ake bi yanzu kuwa ita ce jinsi ya ƙunshi kaka ɗaya da zuriyarsa dukkanta, ba a cire wasu jikoki a ba su wani gida don kawai sun yi ƙaya. Sai aka haɗe su. Dalilin da sunan ƙarangiya ya ci kuwa dokar suna ce, wanda ya riga shi ke tsayawa, Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin sa wa tsirrai sunan kimiyya, ya sa Cenchrus a 1753, Pennisetum sai 1805. Americanus ɗin ma daga wani tsohon suna ne da Linnaeus ya taɓa ba geron, an koma masa ne don akwai wata ciyawar da ta riga ta ɗauki Cenchrus glaucus, kar ki ɗauka daga Amurka gero ya zo. Gero namu ne, binciken jinom, wato dukkan rubutun DNA na tsiro, na 2018 ya nuna daga yammacin Sahara aka fara noma shi, wajen arewacin Mali da Muritaniya, kuma masu tonon tarihi sun samu shaidarsa a kwarin Tilemsi na Mali ta kusan shekara 4,500.

Ba gero kaɗai abin ya shafa ba. Jema da ake saƙa da ita ta bar Vetiveria ta koma Chrysopogon, yawancin Brachiaria da masu kiwo ke shukawa sun koma Urochloa, Panicum maximum ya zama Megathyrsus maximus. Na san abin da ciwon kai ga mai koyo, kuma ni ma ba kowane canjin suna nake murna da shi ba, akwai waɗanda aka yi gaggawa da gaɓa ɗaya ko biyu daga baya aka zo ana warwarewa. Amma na gero shaidarsa ta zauna.

In aka ja baya aka dubi dangin gaba ɗaya, babban aikin shi ne na ƙungiyar masana da ake kira GPWG, sun fitar da nasu a 2001 suka sabunta a 2012, yanzu an tsaya a kan ƙananan dangi 12. Uku daga ciki tsirarun ciyayi ne da suka rabu tun farko, sauran tara kuma sun kasu manyan rassa biyu. Reshe ɗaya ana ce masa BOP, a nan shinkafa take da gora da alkama da sha'ir. Ɗayan PACMAD, nan ne kusan duk abin da kika sani a gonakinmu da dazukanmu yake. A cikinsa akwai zuriyar Andropogoneae, dawa da takanɗa da masara da rake da gamba da tofa da jema, akwai Paniceae, gero da ƙarangiya da kyasuwa da acca da iburu da harƙiya da burgu, can gefe kuma akwai Chloridoideae, tamba da tuji da burburwa da kiri-kiri da guɗe-guɗe. Kin ga ke nan acca da tamba da mutanenmu na kudancin Kaduna ke nomawa gona kusa da gona, ƙwayarsu duk ƙanana, amma acca ta fi kusa da masara a kan tamba. Gora kuma duk gaɓoɓin nan nata masu kama da na rake, alkama ce 'yar uwarta ta kusa. Aya da jiji da kacalla kuwa ba sa cikin dangin sam, maƙwabta ne dai.

Zancen gora ya fi burge ni. Shekara da shekaru littattafai suna cewa gora ce mafi tsufa a ciyayi saboda furenta bai ragu sosai ba kamar na sauran. A 1995 Lynn Clark da abokan aikinta suka karanta ndhF sai ga shi ba haka ba ne, waɗanda suka fara rabuwa wasu ciyayi ne masu faɗin ganye da ke zaune a inuwar kurmi, Anomochloa ta Burazil da Streptochaeta, sai su Pharus, daga baya kuma aka ƙara Puelia da Guaduella da ke kurmin Kamaru da Gabon. In kika gansu ba za ki ce ciyawa ba ce. Wato dangin da yau ya mamaye filin Allah mai rana, a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi ya faro.

Sai kuma abin da ni a ganina shi ne mafi girman abin da bishiyar nan ta koya mana, maganar C3 da C4. Kin san shinkafa da alkama da gora C3 ne, wato suna haɗa abinci ta hanyar da yawancin tsirrai ke bi, gero da dawa da masara da rake da acca da tamba C4 ne, wato suna da wata dabara ta tara iskar kabon a wasu ƙwayoyi da suka yi wa jijiyar ganye zobe, shi ya sa a zafin rana suke iya tsuke ƙofofin ganye su rage asarar ruwa kuma su ci gaba da haɗa abinci. Hatch da Slack ne suka fayyace hanyar a 1966 a Ostireliya da ganyen rake. Dabara ce mai sarƙaƙiya, sai an canza tsarin ganye an canza sinadarai, don haka mai hankali zai ce ai sau ɗaya ta samu duk masu ita suka gada. Da aka ɗora ta a kan bishiyar DNA sai aka ga ta ɓullo sau 22 zuwa 24 daban-daban a cikin ciyayi kaɗai, C4 ɗin tamba daban ta samu, ta su dawa daban, kuma tsakaninsu akwai 'yan uwa da suka zauna a C3. Akwai ma wata ciyawa a nan Afirka, Alloteropsis semialata, nau'i ɗaya amma wasu C3 wasu C4. Abin lura kuma duk sau ashirin da ɗoriyar nan a reshen PACMAD suka faru, ko ɗaya babu a BOP, kuma bincike ya nuna su PACMAD tun asali zoben jijiyar ganyensu ya fi girma, hanyar ta fi musu kusa. Wannan ne ya sa aikin mai da shinkafa C4 da aka faro a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin a 2008 yake da wahala haka. Shi ne kuma amsar abin da kowane manomi ya sani, gero na yi a tudu mai yashi da ɗan ruwa kaɗan, alkama kuwa sai an jira sanyin hunturu an yi mata ban ruwa a su Kadawa, don zuriyarta ta ƙasashen sanyi ce.

Amma kar ki tafi da cewa DNA ba ya ruɗi, yana yi, kuma a ciyawa ma ya fi. Na farko, kulorofilas ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, bununi ba ya kawo shi, don haka bishiyar da aka gina da shi tarihin uwaye ce zalla. Ciyayi kuwa akwai su da auratayya tsakanin nau'i da nau'i, sannan kuromozom ɗin ya ninka. Tamba misali ce mai kyau, tana da kuromozom 36, tuji na da 18, da aka duba kulorofilas sai aka ga na tamba da na tuji kusan abu ɗaya ne. In kika tsaya nan sai ki ce tamba tuji ce da aka gyara, alhali tuji uwa ce kawai, rabin jinom ɗin tamba daga wata ciyawar daban ya zo. Alkamar burodi ta fi haka, kuromozom 42 daga kakanni uku. Acca ma ninki biyu ce. Irin waɗannan ba bishiya ce ke bayyana su ba, rassa ne da suka rabu suka dawo suka haɗe, dole sai an karanta na cibiya an gwada da na kulorofilas, inda suka saɓa nan ne labarin yake. A gonar gero ma kina iya ganin abin da idonki, shibra ɗin nan da ke fitowa cikin gero tana zubar da ƙwaya kafin girbi, jinin geron daji ne ke gauraya da na gida.

Na biyu, gaɓoɓin rbcL da matK da aka amince da su a 2009 a matsayin lambar gane tsirrai suna iya gaya miki jinsi, amma a ciyayin da suka rabu kwanan nan sau da yawa ba sa raba nau'i da nau'i, harƙiya iri uku za su iya ba ki rubutu ɗaya. Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai. Rumbun GenBank na intanet da kowa ke ɗebo rubutun DNA a ciki yana da rubutun da aka sa wa sunan da ba nasa ba, saboda wani ya tsinki ganye bai tantance tsiron ba bai kuma ajiye samfur ba. Injin zai karanta duk abin da kika ba shi tsaf, amma bai san sunan ciyawar ba, ke ce za ki faɗa masa. Shi ya sa har yau wanda ya iya zama da madubin hannu ya buɗe furen ciyawa, da ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta sashen ilimin tsirrai na ABU Zariya ko ta Kew a Ingila, ba su da madadi. Bafulatanin da ke kiwo a Ladduga ya san wadda shanu ke ci da ɗanyenta da wadda sai ta bushe, da wadda ke fitowa bayan gobara, ki tambaye shi ki rubuta.

Shekarun da ake faɗa kuma, a ce dawa da masara sun rabu kusan shekara miliyan 12, ko C4 ta fara wajen miliyan 30, waɗannan ƙiyasi ne da ake yi da yawan canjin haruffa a daidaita da burbushin da aka tono, kuma sukan motsa in an samu sabon burbushi. A 2005 aka samu ɓurɓushin silikar ciyawa a cikin busasshen kashin dainoso a Indiya na wajen shekara miliyan 66, sai da aka tura shekarun dangin baya. Tsarin wa ya fi kusa da wa ya fi lambobin shekarun ƙarfi nesa ba kusa ba. Na san kuma akwai ɗaliban da zuciyarsu ke ɗar-ɗar da wannan babin, ni dai a wurina ganin haruffa huɗu sun fitar da gora da acca da rake ƙara min ganin girman Mahalicci yake yi.

Amfaninsa ga mai noma a fili yake, nasaba ce ke gaya wa mai haɗa iri ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Gero da dawa ba sa haɗuwa ko an shekara ana gwadawa, gero kuromozom 14 dawa 20 kuma zuriya daban, amma gero na haɗuwa da Cenchrus purpureus, doguwar ciyawar nan ta kiwo da ake ce wa Nafiya, har ana shuka ɗan da suka haifa don abincin shanu. Shinkafarmu ta Afirka Oryza glaberrima, wadda aka samo daga ta daji Oryza barthii a yankin kogin Neja na Mali, da ita Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa ta Asiya aka samu irin shinkafar NERICA, har ya ci kyautar abinci ta duniya a 2004. Masara da DNA ya tabbatar a 2002 cewa daga ciyawar tiyosinte ta kudancin Meziko ta fito wajen shekara 9,000 da suka wuce, a wurin wata 'yar uwarta ta daji Zea diploperennis masana cibiyar binciken noma ta IITA suka samo juriyar wuta-wuta. Sannan tunda jerin gaɓoɓin gado a ciyayi kusan a tsare ɗaya yake, abin da aka gano a shinkafa mai ƙaramin jinom, haruffa wajen miliyan 390, yana nuna inda za a duba a dawa mai miliyan 730 ko gero mai wajen biliyan 1.8. A 2012 aka gano gaɓar Sh1 mai hana ƙwaya zubewa a dawa, sai ga ita ɗin dai manoma suka taɓa a shinkafa da masara ba tare da sun san juna ba. Da aka karanta jinom ɗin acca a 2020 nan aka fara dubawa, don babbar matsalar acca ke nan, zubewa da ƙanƙantar ƙwaya da kwanciya, aka ga gyaran da sauran hatsi suka samu ita bai kammala a jikinta ba, wato akwai sauran wurin ingantawa sosai.

In kina neman abin da za ki yi furojet a kai toh ga shi a ƙofar gida. Iburu, da dauron da ake dasawa a kudancin jihar nan, da ire-iren acca da kowane ƙauye ke da nasa sunan, ba a yi musu aikin da aka yi wa masara ba ko kusa, kuma tsofaffin da ke riƙe da irin suna raguwa. Ba sai kina da injin karanta DNA ba kafin ki fara. Ki fita tsakanin Satumba da Nuwamba lokacin da ciyayi suka fitar da kai, don ciyawar da ba kai ba ta tantantuwa. Ki tumɓuke tsiron har saiwa, ki shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida ki danne da katako, kullum ki canza jaridar har ya bushe. Daga wannan tsiron dai, ba na kusa da shi ba, ki cire ganye biyu ki sa a silika, ki ba su lamba ɗaya da samfurin. Ki rubuta rana da wurin da lambobin GPS na wayarki, da irin ƙasar, fadama ce ko tudu, da sunan da mai gonar ya kira shi da harshensa, Hausa ne ko Jju ko Tyap ko Fulatanci, ki kuma nemi izininsa kafin ki taɓa masa gona. Ganyen da ya bushe da kyau a silika yana shekaru bai lalace ba, duk ranar da kika samu lab ko wanda za ku yi haɗin gwiwa kayanki na nan a shirye. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.